Soket mai rami uku, biyu kaɗai ke aiki: zancen wayar ƙasa a tsoffin gidajen zango

Akwai maganar da ake yawan ji a gidajen haya na Nima da Mamobi da Sabon Zongo a Akra: "Firjin nan yana ɗan ja, sa silifa kafin ka buɗe." A haka ake zama da shi shekara da shekaru, har yaran gida su san wane murfi ake kamawa da tsumma. Wasu su ce wutar ECG, kamfanin lantarki, ce ta yi ƙarfi, wasu su ɗora wa firjin laifi. Galibi idan aka kwance soket ɗin da firjin yake ciki, sai a tarar ramin sama babu komai a bayansa.

Wutar da ke shigowa gidajenmu bolt 230 ce, soket ɗin da aka fi amfani da shi kuma shi ne mai ramuka uku masu kusurwa, irin na Ingila, mai ɗaukar amfiya 13. In ka fuskance shi, ramin dama shi ne layif, wato wayar da ke kawo wuta, na hagu nutiral, wadda wutar ke bi ta koma, na sama kuwa shi ne wanda masu aikin lantarki ke kira at, wayar ƙasa. Biyu na ƙasa sun isa su tayar da firji ko dutsen guga, shi ya sa gida zai yi shekara talatin babu wayar ƙasa kuma ba wanda ya lura. Aikinta bai tashi sai ran da roba ta saɓule a cikin na'ura, layif ya taɓa jikin ƙarfe. A ranar wutar za ta nemi hanyar komawa taransifoma ta cikin ƙasa. In akwai waya ta bi waya, in babu ta jira hannun wanda zai fara taɓawa. Jikin mutum mai jiƙaƙƙen hannu, ƙafa ba takalmi a kan siminti, juriyarsa ga wuta wajen om 1,000 ce. Raba 230 da wannan, miliamfiya 230 ke nan za su bi ta jikinsa, alhali daga wajen 10 hannu ke fara ƙin sakin abin da ya kama, daga 30 zuwa sama kuma zancen ya kai ga numfashi da zuciya.

Ɗan jan nan da ake ji kullum a jikin firji ko injin wanki ko kwamfuta ba lallai ne lalacewa ba. Na'urori da yawa suna da 'yan ƙananan kafasita da ke zubar da wuta kaɗan zuwa jikin ƙarfensu, da niyyar wayar ƙasa ta kwashe. Idan babu ita, mitar gwaji za ta nuna wajen bolt 115 tsakanin jikin na'urar da ƙasa, testa ma ta kama. Wannan kaɗan ɗin ba ya kisa. Amma shaida ce ƙarara cewa ran da babbar lalacewa ta zo babu inda wutar za ta bi.

Abin da ake tararwa a bayan murfi

Kafin a taɓa sukuru ko ɗaya, a kashe babban makunni, sannan a gwada soket ɗin da mitar gwaji a tabbatar ya mutu. A gidan da haya ta yi yawa wannan gwajin wajibi ne, domin gidajen zango ɗaki-ɗaki aka gina su, mita-mita aka ƙara, kuma ba abin mamaki ba ne soket ɗin ɗakinka yana shan wuta daga mitar maƙwabcinka. Ka kashe taka, shi yana nan da ransa. Testa mai ɗan ƙwan lemu ba ta isa shaida ba. Da rana tsaka ba a ganin haskenta sosai, wani lokaci kuma ta kama inda babu komai.

Da an janyo murfin za a ga ɗaya daga abubuwa kaɗan. Mafi yawa, wayoyi biyu ne, ja da baƙa, sukurun da aka rubuta E a kansa kuma yana ƙyalli kamar ran da ya fito daga shago, ba a taɓa juya shi ba. Soket sabo fari tas, waya kuwa ta zamanin kakanni: an yi kitso da ƙwarƙwata. Wani wurin za ka ga koriyar waya an ɗaure ta da kyau, ka ja ta a hankali sai ta biyo hannunka, tsawonta bai fi taƙi ɗaya ba, ba ta je ko'ina ba. An sa ta ne don idon mai gida.

Akwai kuma gidajen da aka yi wa aiki na ƙwarai tun farko, da bututun ƙarfe binne a bango da akwatunan ƙarfe. A irin wannan tsari bututun kansa shi ne wayar ƙasa, kuma a zamaninsa daidai ne. Matsalar, a Akra iskar teku da gishirinta ba sa barin ƙarfe. Mahaɗan bututun sun yi tsatsa, ko kuma wani ya fasa bango ya yi gyara ya maye gurbin kamu biyu da fayif ɗin roba, shi ke nan hanya ta yanke daga nan har ƙarshen layi. Haka labarin fayif ɗin ruwa yake. Da can ana ɗaura wayar ƙasa a jikin fayif ɗin famfo na ƙarfe, saboda yana binne mai nisa. Yau an canza yawancinsu da na roba, ruwan ma daga tankin roba yake saukowa. Wayar da ke ɗaure a guntun ƙarfen da ya rage ba ta kai wuta ƙasa, sai dai ta kai ta kan famfon banɗaki.

Mafi muni a cikinsu duka shi ne wanda ake yi da sunan gyara. Mai haya ya yi ƙorafi, a kira wani ya ɗauko 'yar guntuwar waya ya haɗa nutiral da E a bayan soket. Nan take jan ya daina, har ƙaramar na'urar gwajin nan da ake cusawa a soket ta kunna fitilunta ta ce komai lafiya, don ba ta iya bambance nutiral da ƙasa. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Ka duba abin da zai faru idan nutiral ta tsinke a wani wuri kafin soket ɗin, a akwatin haɗi, ko a mita, ko a kan falwaya, abin da kuwa ba baƙo ba ne. Wuta ta shiga ta layif, ta ratsa na'urar, ta fito ta nutiral ta tarar hanya a rufe, sai ta bi guntuwar wayar nan ta hau jikin ƙarfe. Firjin ya yi shiru kamar an ɗauke wuta, jikinsa kuwa cike da bolt 230, kuma lokacin ne Hajiya za ta zo ta dafa shi ta leƙa baya ta ga me ya faru. Idan kuma wata rana aka yi aiki a waje aka juya wayoyin biyu, layif ya koma gurbin nutiral, duk abin da ke da jikin ƙarfe a gidan ya ɗauki wuta kai tsaye, yana kuma aiki lafiya lau. Duk inda aka ga wannan haɗin a cire shi a ranar, ko da ba a shirya sauran aikin ba. Soket marar ƙasa ya fi shi sauƙin haɗari.

Launi ma yana ruɗarwa. Tsohon tsari ja ne layif, baƙi nutiral, kore ƙasa. Sabon tsari ruwan ƙasa ne layif, shuɗi nutiral, kore da rawaya ƙasa. A gidan da aka yi ta ƙari za ka same su a cakuɗe, kuma a layi mai fes uku shuɗi a tsohon tsari wuta ce, baƙi ma a sabon tsari wuta ce. Ga kuma wanda koriyar waya ce kaɗai ta rage masa a jaka ya ja wuta da ita. Mita ake tambaya, ba launi ba.

Sanda ita kaɗai ba ta kashe bireka

Nan ne ake yawan yin kuskure, har da masu aikin. Mai gida ya ji bayani, ya ce, "To Masta, a sayo sanda a buga." A buga sandar ƙasa, a ja waya, kowa ya kama gabansa a kan an gama. A nan ƙasar yawancin gidaje kowa da sandarsa, ba a kawo wa mutum wayar ƙasa daga falwaya. Wutar da ta ɓalle sai ta bi waya zuwa sanda, ta ratsa turɓaya, ta isa sandar taransifoma. Turɓaya kuwa ba jan ƙarfe ba ce.

Mu ɗauka duk hanyar nan om 20 ce, wanda a ƙasar yashi da dutse ma sai an yi da gaske. Bolt 230 a raba da 20, amfiya 11.5. Birekar soket mai lamba B20 tana ɗaukar amfiya 20 yini guda ba ta gaji ba, kuma kafin ta faɗi nan take sai wuta ta kai ninki biyar, amfiya 100, wato sai duk hanyar ba ta wuce om 2.3 ba. B32 kuwa amfiya 160 take nema. To 11.5 ba ta ko motsa ta. Wutar za ta yi ta kwarara cikin ƙasa, kuɗin mita na ƙonewa, jikin na'urar kuma yana ɗauke da mafi yawan bolt ɗin. Kuma yanzu da aka haɗa duk soket da waya guda, ba firjin kaɗai ba, har dutsen guga da hita na ɗaya ɗakin sun ɗauka. Tsohon fis na tangaran, wanda aka ɗaure da silin jan ƙarfe tun da ainihin wayarsa ta ƙone, ba a ma maganarsa.

Abin da ke cike wannan gurbi shi ne RCD, wato makunni mai yanke wuta idan ta yi yoyo, mai miliamfiya 30. Ita ba ruwanta da yawan wutar da ake sha. Tana auna abin da ya fita ta layif da abin da ya dawo ta nutiral ne, da zarar bambanci ya kai 30 ta yanke. A ƙa'ida ba za ta wuce daƙiƙa 0.3 ba, idan kuwa yoyon ya kai miliamfiya 150 cikin daƙiƙa 0.04 za ta faɗi. Da ita, sandar om 20 ta wadatar har da rara. Lissafin da ake yi shi ne juriyar sanda sau ƙarfin RCD kada ya haura bolt 50, wanda a takarda ya ba da om 1,667, amma ƙa'idar wayoyi ta Ingila, wadda aikinmu ya gada, ta yi gargaɗin cewa abin da ya haura om 200 ba abin dogaro ba ne saboda yana canzawa da yanayi. Mai aikin kirki ƙasa da haka sosai yake nema.

RCD tana aiki ko babu wayar ƙasa, sai dai da sharaɗi mai ɗaci: sai wutar ta bi ta jikin mutum tukun ta gane. Da wayar ƙasa kuwa tana faɗuwa tun lokacin da lalacewar ta auku, kafin kowa ya taɓa. Don haka a ganina, wanda kuɗinsa bai kai ya yi duka ba ya fara da RCD, sannan sauran su biyo baya ba da jimawa ba. A lura da rubutun jikinta. Wadda aka rubuta RCCB ba ta kare nauyin wuta, dole akwai bireka tare da ita. RCBO ita ce ta haɗa biyun. Mai lamba 100 ko 300 ta rigakafin gobara ce, ba ta ceton wanda ya taɓa. Wanda kuma ya riƙe layif da nutiral lokaci guda, RCD ba ta san shi ba, ɗauka take fanka ce.

Sau da yawa ran da aka sa ta a tsohon gida sai ta ƙi zama. Ba ita ce ta lalace ba, asiri take tonawa: ƙarfen hita da ya tsage, ruwa a akwatin haɗi na waje, haɗin nutiral da ƙasa da aka ɓoye, ko nutiral da ɗakuna biyu masu mita daban suke tarayya a kanta, wanda a gidan haya shi ne kan gaba. A cire duk filogi, a kashe birekoki, a riƙa ɗaga su ɗaya-ɗaya har a kama layin. Wanda ya ce maka "wannan abin damuwa gare shi, bari mu tsallake shi," sallame shi.

Ita sandar. Ta kirki ƙarfe ce a ciki, an lulluɓe ta da jan ƙarfe mai kaurin kusan rubu'in milimita, kaurinta milimita 16, tsawo mita 1.2 ko 1.8 ko 2.4, wato ƙafa 4, 6 da 8. A shagunan Opera Square da Zongo Lane za a nuna maka kala-kala, araha kuwa ba ta ado. Maganaɗisu ba ya raba gardama, don ta gasken ma tana kamawa. Goga mata zarto kaɗan, ta bogi nan take jan ya tashi kamar fenti. Zurfi ya fi komai, saboda danshi yana can ƙasa. Zambar da aka fi yi ita ce sanda ta ci karo da dutse a ƙafa biyu, a sa zarto a yanke sama, a rufe. In guda ba ta isa ba a ƙara ta biyu, tazararsu aƙalla tsawon sanda ɗaya, ninki biyu ya fi, a haɗa su da waya. Biyu a manne da juna kusan guda ce. Ko da tazara ma ba ta raba lamba biyu cif, wajen kashi 60 cikin 100 take komawa. Kafin a buga a san inda fayif da wayoyi suke binne.

Gawayi da gishiri al'ada ce tsohuwa, kuma gaskiya suna sauke lamba a ranar. Amma gishiri yana cin sanda da maɗaurinta, damina biyu kuma ta wanke shi. Yumɓun bentonait ya fi daɗewa yana riƙe laima. Wanda kuma ya kwarara bokitin ruwa a ramin kafin a auna, kansa ya yaudara. Ruwan saman Akra bai kai na Kumasi ba ko kusa, ƙasarmu tana bushewa sosai, saboda haka awon da aka yi a watan Yuni ba shi ne na Janairu ba. Lambar hunturu ita ce gaskiyar sanda.

Daga sanda zuwa allon birekoki ana jan waya mai milimita murabba'i 16, mai rigar kore da rawaya, guda ɗaya ba haɗi, a cikin fayif, don kada fartanya ta same ta kuma don masu kwasar jan ƙarfe. A ɗaure ta da maɗaurin tagulla mai noti. Naɗa waya a jikin sanda a rufe da tef ba haɗi ba ne. Wata shida ya yi kore ya saki. A yi wa kan sandar ɗan rami mai murfi yadda za a iya buɗewa a duba, kada a zuba kankare a kai. Gidan da mitoci suka yi yawa, kowane allo sai wayarsa ta kai ga ƙasa, kuma kowane da RCD ɗinsa.

Sai kai wayar ga kowane soket, wanda shi ne aikin da ke cin lokaci. Layin soket waya mai milimita 2.5 ne. In wayoyi ɗai-ɗai ne a cikin fayif kuma akwai sarari, a zura koriya mai 2.5 ta bi hanyar da 'yan'uwanta suka bi. In fayif ya toshe ko babu shi, a ja sabuwar waya mai uku a haɗe ta cikin tirankin, wato kwararon roba mai murfi, a saman bango. Wayar ƙasan da ke cikinta 1.5 ce, tsirara take, a sa mata rigar kore da rawaya a duk inda aka fere. Akwatin bango in na ƙarfe ne shi ma a ba shi guntuwa. Amma fa a dubi tsohuwar wayar tukun. Wadda rigarta ta bushe tana farfashewa in an lanƙwasa, ko ta yi baƙi a bakin sukuru, ƙara mata ta ƙasa ɓata kuɗi ne, a zare ta gaba ɗaya. A kula da wayar bogi, alminiyom da aka shafa wa jan ƙarfe: kankare sili ɗaya da wuƙa, in ciki fari ne a mayar. Ana yin waya a nan Tema, irin su Nexans Kabelmetal da Tropical Cable, ba sai an je nesa ba. In ba za a iya yin gidan duka lokaci guda ba, a fara da kicin, banɗaki, wurin guga, famfon jan ruwa, da duk soket na tsakar gida.

Aiki bai ƙare ba sai an auna. Da wuta a kashe, ana gwada wayar ƙasa daga allo zuwa kowane soket da doguwar waya da mita. Jan ƙarfe mai 2.5 yana ba da wajen om 0.15 a mita 20, mai 1.5 kuma wajen 0.24, don haka in aka ga om 3 ko 5 akwai sukuru sako-sako ko tsatsa a hanya. Ana gwada lafiyar rigar waya da na'urar da ake kira mega a bolt 500, kada ta gaza megaom 1, bayan an cire duk na'urori. Sandar kuma da na'urarta ta musamman mai turaku biyu ake auna ta. Tsohuwar dabarar haɗa ƙwan fitila tsakanin layif da ƙasa ba ta nuna komai: ƙwai mai wat 60 rubu'in amfiya kawai yake ja, zai haska tar ko da sandar om 50 ce. Dokar haɗa wayoyi ta 2011, L.I. 2008, ta ce mai takardar shaida daga Hukumar Makamashi ne zai yi irin wannan aiki, kuma ginin da ya kai shekara 10 a duba wayoyinsa a gwada. Ba laifi ba ne ka ce, "Masta, in ga katinka," ka kuma nemi ya rubuta maka lambobin da ya samu. Mita da hatiminta kuwa na ECG ne, ba a taɓawa.

Bayan duk wannan wahala, ana iya zubar da ita a taku na ƙarshe. Kayan hom-yus, wato na hannu, da ke zuwa daga Jamus da Holan filoginsu zagaye ne mai ƙafa biyu, ƙasarsa tana a 'yan ƙarafan gefe. In aka tura murfin biro a ramin sama aka danna shi cikin soket ɗinmu, ƙarafan gefen ba su taɓa komai ba, injin wankin yana nan ba ƙasa. A yanke kan a sa filogi mai ƙafa uku da fis daidai da na'urar, 13 ga hita da dutsen guga, 3 ga ƙananan kaya, a bar koriyar waya ta fi sauran tsawo yadda in an fizge ita ce ta ƙarshen saki. Abin da ke da alamar murabba'i cikin murabba'i, kamar caja, ba ya buƙatar ƙasa. Ekstenshan mai araha da yawa ƙafa uku gare shi a waje, waya biyu a ciki, buɗe filogin ka ƙirga. Sitabilaiza da abin kare firji ba sa maye gurbin wayar ƙasa, janaretan da aka saya tun zamanin dumso, lokacin yawan ɗauke wuta, shi ma jikinsa yana son tasa. Maɓallin T da ke jikin RCD a danna shi aƙalla duk wata shida, ta faɗi nan take, in ta yi nauyi a canza ta. Sai dai RCD ɗin kaɗai yake gwadawa, ko an sace wayar sanda jiya zai yi aiki, don haka a ranar a ɗaga murfin ramin a ja wayar da hannu a ga ko tana nan daram.